Ranar da Lawali Ya Tsallake Ni

Ranar Talata ce da hantsi, saura mako biyu a fara yankan gero, shekarar da nake aji biyar na firamare a Wurno. Ina kwance kan tabarma a tsakar gidanmu, zazzaɓi yana kaɗa ni, matan unguwa sun kewaye ni. Aka shigo da abokina Lawali an tuɓe masa riga, mahaifiyarsa na biye, mayafinta a hannu ba ta ko samu yafawa ba. Kakata Inna Kulu ta nuna ni da sandarta ta ce masa, "Tsallake shi sau ukku, ka sakam muna yaro." Lawali bai yi kuka ba. Ya tsaya yana kallona, yana jiran in buɗe baki. Ni kuwa sai na rufe ido.

Asalin maganar wani ɗan shago ne a bayan tashar 'yan kabu-kabu masu haya da babur. Wani saurayi ya dawo daga Sakkwato da talabijin da na'urar wasan gem da ƙaramin janareta, ya jera benci biyu, ya rataya buhu a ƙofa. A lokacin aikina bayan an tashi daga makaranta shi ne korar tsuntsaye a gonarmu: in hau rumfar kara, in riƙa jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, ina ihu har la'asar. Sai na koyi ɗaure igiyar a reshen da iska ke kaɗawa, in sulale ta bayan gari zuwa shagon. Babana ya riga ya yi rantsuwa cewa duk ɗansa da ya taka shagon nan, sai dorina ta ƙare a jikinsa.

Wasan faɗa muka fi so, inda kowa ke zaɓar gwaninsa a kara. Akwai masu takobi, akwai ƙatti masu damtse, akwai kuma wani dogon mutum fari fat, da baƙar alkyabba mai jan ciki da fiƙoƙi biyu. Idan ya cafke abokin karawa sai ya kafa masa haƙori a wuya, layin da ke nuna ran wancan a talabijin ya ragu, nasa ya ƙaru. Maye muke ce masa, kuma ba mai zaɓarsa sai Lawali. Mai shagon, da yake yana karanta Turancin da ke fitowa, ya gaya mana cewa da can mutum ne kamar kowa, cizonsa aka yi, tun daga nan ba ya iya shiga rana, ba ya iya zama cikin mutane. Muka yi dariya, ban da Lawali. "Kun gani? Ba shi yaz zaɓa ba," in ji shi. Sai daga baya na fahimci dalilinsa. Kakarsa baƙuwa ce a garin, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa danginta ba a cin abinci a gabansu.

Ranar Asabar Lawali ya doke ni sau biyar a jere da mayen nan. Ranar Lahadi na tashi da ciwon kai, kafin azahar jikina ya yi zafi kamar tanda. Sauron fadama ne, irin wanda ke kayar da yara kowace shekara in damina ta ja baya. Amma an ce cikin zafin ciwo na yi ta sambatu: "Lawali, sake ni! Shina shan jinina!" A wurinmu, idan maras lafiya ya ambaci sunan mutum haka, an gama bincike. Maye ya kama kurwarsa, kuma ba ta dawowa sai wanda aka ambata ya tsallake shi.

Safiyar Talatar nan hankalina ya riga ya dawo. Na san abin da ake yi, na san kalma biyu za su isa, in ce wasa ne. Amma babana yana tsaye a bakin zaure, kuma na san inda dorina take rataye. Na ji inuwar Lawali ta gitta ta kaina sau uku. Mahaifiyarsa tana cewa, "Mi munka yi muku? Allah shina gani." Da yamma babana ya kai ni asibiti aka yi mini allura. Kwana biyu na miƙe, unguwa kuwa ta ce tsallakewa ce ta yi aiki.

Sai bayan mako guda na faɗi gaskiya. Babana bai taɓa ni ba. Ya sa hularsa ya tafi shagon, ya tsaya ya kalli mai alkyabbar yana cizon wani, sannan ya wuce gidan su Lawali ya ba da haƙuri a gaban maƙwabta. Amma magana zarar bunu ce. Aka daina sayen ƙosan mahaifiyarsa. A makaranta, in an zauna cin ɗanwake lokacin hutun tara, sai yara su ja kwanonsu gefe. Da aka gama girbi suka kwashe kaya suka koma Goronyo, wurin kawunsa mai noman rani.

Yanzu 'ya'yana a waya suke wannan wasa, mai alkyabbar yana nan, an ƙara masa kyau, kuma har faɗa suke yi kan wanda zai zaɓe shi. Bara, a hanyata ta zuwa gida, na tsaya a Achida na tarar da Lawali yana sa ido ana loda buhunan albasarsa a mota, gemunsa ya fara furfura. "Kai, ragon gem! Har yanzu ba ka iya tare duka?" in ji shi, yana dariya. Ya ja ni inuwa, ya sa aka dama fura. Ya sha, sannan ya miƙo mini ludayin, kuma na ga dariyar ta tsaya, yana kallona irin kallon ranar nan. Na karɓa na sha, na sake ɗiba na sha. Sai ya gyara zama kawai.

Da na buɗe baki tun a kan tabarmar nan, da ba sai ya jira shekaru ashirin ya ga ko zan sha ba.