Tashar Tsamiya a Ɗakin Hambali

Hambali taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka ina da damar faɗar abin da na ga dama a kansa, kuma na daɗe ina faɗa. Shagonsa na gyaran waya da rediyo yana manne da shagona na ɗinki a Birnin Kudu. Bango ɗaya ya raba mu, duk abin da yake yi a can ina jin warinsa a nan, warin dalma da ƙonanniyar roba. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, kuma magana tsada take yi masa. Idan ka kawo masa wayar da ta faɗa rijiya ba zai tambaye ka yadda aka yi ba. Zai buɗe ta ya yi shiru, kai kuma ka yi ta zuba kamar an tambaye ka.

A Maruta aka haife shi, can ƙasar Gwaram. Bai san mahaifinsa ba, domin Kawu Ƙasimu ya rasu Hambali yana rarrafe. Abin da ya gada a wurinsa gona ce guda da labari guda. Gonar 'yan'uwa ke nomawa. Labarin kuwa a bakin mahaifiyarsa Inna Turai yake, kuma duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidanta ya ji shi.

Tana da cikin Hambali, Kawu ya ɗauke ta zuwa Gombe gaida wata gwaggonsa. Suka hau mota zuwa Bauchi, daga can suka shiga jirgin ƙasa, shigarta ta farko kuma ta ƙarshe. A wata 'yar tasha da har yau ba ta san sunanta ba, mai ƙatuwar tsamiya a gefe, ta ce tana sha'awar rake. Ya sauka ya sayo. Yana can yana zaɓe jirgi ya yi kuka ya fara tafiya. Ta leƙa taga ta hango shi a guje, rake a hammata, hularsa ta faɗi bai ko waiwaya ba. Da ƙyar ya kama taragon ƙarshe, ya yi ta ratsowa har ya iso wurinta kai ba hula yana dariya. Ba ta taɓa kiran sunansa a cikin labarin ba, matan zamaninsu ba sa yi. "Mai gidan nan" take cewa.

Wannan labarin Hambali ya ƙudiri aniyar ginawa a kan tebur, ta gan shi da idonta kafin idon ya rufe. Domin idon yana tafiya. Na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma likita ya ce ciwon ba irin na yana ba ne da ake kankarewa, sai dai a rage masa gudu. Da rana tsaka tana ganin mutum dishi-dishi, da la'asar ta yi sanyi shi ke nan.

Ƙasarmu ta Birnin Kudu ba layin dogo. Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganin jirgi yana tafiya, a Kano, daga nesa. Mark ne ya jawo mana wannan aiki. Shi ne mai sayar wa Hambali kayan gyara, mutumin wajen Kafanchan, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Wata rana ya nuna masa bidiyon wani tsoho a ƙasar waje yana tuƙa ƙananan jirage a ɗakinsa da wayar hannu. Hambali ya yi ta maimaita kallon har batirin Mark ya mutu. Daga nan ya sa Mark ya yi masa odar kan jirgi guda biyu na hannu, da taragai, da sandunan layi masu sirantar tsinken tsintsiya.

Ranar da kayan suka iso na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce, "Kai yanzu da furfura a gemunka za ka koma wasan motar kara? Allah ya shirye ka, Hambali."

Ya ce, "Amin. Ara mini almakashinka."

Ya kwashe ɗakin baƙinsa kaf, ya kafa tebur daga bango zuwa bango. Ƙafafun teburin ya tsoma su cikin gwangwanayen baƙin mai saboda gara. Duwatsu ya gina su da ƙasar suri kwaɓaɓɓiya da ramno, wato yankakkiyar busasshiyar ciyawa, yadda ake ginin rumbu a Maruta, ya jera su wani kan wani kamar duwatsun bayan garinmu. Ya tankaɗe yashin kogi ya shimfiɗa ƙarƙashin gada. Ciyawa garin katako ce da ya rina da koren rinin da ya sata a shagona, kuma na faɗa masa sata ce. Tsamiyar kuwa ita ta fi ba shi wuya. Ya yi ta, ya kai wa Inna har Maruta ta shafa, ta ce ta yi siriri. Ya sake, ta ce reshen da ke wajen layi ya fi haka sunkuyowa. Bai yi musu ba, ya dawo ya sake.

Amma abin da ya kashe mini baki ba a saman teburin yake ba, a ƙarƙashinsa yake. Wata rana na shiga neman almakashina na tarar da shi kwance rigingine a kan tabarma, ƙarfen narka dalma a hannu. Na durƙusa na leƙa. Manyan wayoyi biyu, ja da baƙa, sun zagaye teburin ta ƙasa. Daga jikinsu ƙananan wayoyi sun haura ta 'yan ramuka zuwa layi, bayan kowane taƙi guda, ja ta tafi sandar dama, baƙa ta tafi ta hagu. Ba wadda ta hau kan wata. Ni da nake fama da zare kullum na san abin da ake nufi da aiki mai tsabta, kuma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙirjinsa duk tabon ɗigar dalma ne.

Na ce, "To in ka ba layin wuta ai duka jiragen za su tashi tare, su yi karo."

Ya ce, "Wutar kullum tana kan layi, Isma'il. Amma akwai saƙo a cikinta. Kowane kan jirgi na saka masa 'yar ƙwaƙwalwa, ba ta kai farcenka ba, na ba shi lambarsa. In na kira lambar wannan shi kaɗai zai amsa. Wancan yana ji, amma ya san ba da shi ake ba."

Ya taɓa wayarsa. Saƙon ya tafi wani ɗan akwati da ya harhaɗa da kansa, akwatin ya zuba shi a layi. Jirgi ɗaya ya kunna fitila ya fara jan jiki a hankali, ɗayan yana kan layi guda da shi ko gezau. Ya sake taɓawa, wani ɗan inji a ƙarƙashin mararraba ya yi ƙas, layi ya karkata, jirgin ya bi ta bayan dutse. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Ƙarfe biyu sirara, ba baki ba kunne, amma magana tana bi ta cikinsu ta je ta sami mai ita. Na fita ban karɓi almakashin ba.

Damina ta yi nisa kafin ya gama, kuma labarin da ke zuwa daga Maruta ba daɗi, an ce Inna ta fara lalube da rana. Ya gwada komai ranar Alhamis, ya yi lafiya lau. Ya duba sola, ya cika batir. Asabar da sassafe ya tafi ɗauko ta.

Matarsa Hidaya mace ce mai son fita kunyar baƙo, balle suruka. Yana fita ta share gida ta yayyafa ruwa, ta ɗora tuwo. Sannan ta duba ɗakin jirgi ta ga a nan Inna za ta zauna, ga shi yana warin dalma da baƙin mai. Ta ɗebo garwashi a kasko biyu, ta zuba turaren wutarta mai kyau, wanda ya sha mai da sukari, wanda take ɓoyo don sallah. Ta rufe ƙofa da tagogi ruf don ƙamshin ya kama ɗakin. In ya cinye ta ƙara. Kowace macen kirki a garin nan abin da za ta yi ke nan.

Bayan azahar suka iso. Ni da Mark muna nan muna jira. Aka buɗe ɗaki, ƙamshi ya tarbe mu, Inna ta ce, "Kai, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka." Aka zaunar da ita a kujera daidai gaban tsamiya, aka buɗe taga don haske ya sauka a kan tebur. Ta gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa.

Hambali ya taɓa waya. Fitilar jirgi ta kama, ta ɗauke, ta sake kamawa. Ya matsa kamar kamu ɗaya ya tsaya cak. Kukan da ya fara ya yanke a tsakiya. Ya gwada na biyun, shi ma haka. Ban taɓa ganin fuskar taubashina ta yi irin wannan ba. Ya faɗa ƙarƙashin tebur yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mark ya ɗauko mitarsa ya auna akwati ya ce, "Malam Hambali, wuta tana fita daidai." Hasken taga yana ta raguwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wa zan yi wa faɗa, sai na hau Mark da cewa kayan banza ya sayo mana.

Inna ba ta san abin da ake ciki ba sosai. Tun da ba ta gani da kyau, sai ta miƙa hannu tana shafa abin da ke gabanta. Ta shafa tsamiya ta gyaɗa kai. Ta bi layi da ɗan yatsa, ta murza yatsun ta kai hanci.

Ta ce, "Kai wannan," domin ba ta kiran sunan ɗan fari, "har hanyar jirgin kuka shafa wa turare? Ga ta nan tana danƙo."

Hambali ya fito daga ƙarƙashin tebur ya goga farar rigarsa a kan layi. Wurin ya fito ruwan ƙasa. Hayaƙin turaren ne ya sauka ya kwanta a kan ƙarfen, ya shiga tsakanin layi da ƙafafun jirgi, ba wuta ba saƙo. Hidaya ta dafe kai a bakin ƙofa, hawaye ya cika mata ido.

Inna ta ce, "Kada wanda ya ce mata komai. Ni ta karrama."

Na ruga shago na kwaso ƙyallayen farin yadi, Mark ya kawo sifirit ɗin da ake wanke cikin waya. Mu huɗu muka bi layin nan muna gogewa, har cikin ramin dutse inda hannun Hidaya kaɗai ke shiga. Hambali ya kifa kan jiragen ya goge ƙafafunsu. Kafin mu gama iska ta taso, ɗakin ya yi duhu kamar magariba. Na san a raina cewa duwatsun nan da gadar da ciyawar, Inna ba za ta gan su ba.

Hambali ya ɗora jirgi a layi ya taɓa waya. Fitila ta kama, ta tsaya. Injin ya yi gurnani ƙasa-ƙasa, ya ja taragai ya fito daga bayan dutse, tagoginsa duk a haske. A cikin duhun nan sai ya daina zama abin wasa. Ya hau gada, ƙafafunsa suna ƙaƙas-ƙaƙas a mahaɗar layi. Na biyun ya taso daga can ƙurya, suka gitta juna ba wanda ya taɓa wani. Mark ya cire hularsa, ya ce haka na babansa yake shigowa gari. Ni bakina a buɗe yake, ban san na buɗe shi ba.

Inna ta sunkuyo, kanta yana bin hasken. Ta ce, "Na ga wutarsa. Ga ta can, ga ta nan tana zuwa."

Jirgin ya rage gudu ya tsaya a gindin tsamiya, daidai gabanta. Hambali ya bar shi ya ɗan huta, sannan ya sa ya yi kuka, dogon kuka mai kauri, ya fara motsawa.

Ta ɗaga hannu da sauri. "Tsaya! Tsayar da shi, mai gidan nan bai shigo ba tukuna."

Hambali ya tsayar da shi. Ɗayan jirgin ya ci gaba da zagayensa a kan layin, ya wuce ta gada ya dawo, amma wannan yana tsaye da fitilarsa a kunne, injinsa yana numfashi a hankali. Ruwa ya sauko a kan kwano. Inna ta kafa idon da ya rage mata a gindin tsamiyar nan, leɓɓanta suna motsi. Na dubi taubashina, babban yatsansa yana saman waya, hawaye yana bin gemunsa bai share ba. Mun daɗe a haka.

Can ta sauke hannu, ta gyara mayafinta, ta ɗan matsa gefe guda a kan kujera kamar mai ba wani wuri.

Ta ce, "To, ya zauna. Har da hularsa. Mu tafi."