Gishirin Aljihun Merv Kloeden

Merv Kloeden ba ya fita daga gida sai da ɗan dunƙulen gishiri a aljihun rigarsa. Ba na kanti ba ne. Daga bakin busasshen tafkin da ke ƙarshen gonarsa, can bayan garin Wudinna, yake ɓantaro shi. In hira ta yi tsawo sai ya ciro, ya ɗan lasa, ya mayar. Baƙo ne kawai ke kallonsa.

Matarsa Glenys ce ta fara lura, tun 'yarsu Raelene tana makaranta. Ta iske shi wata rana bayan rumfa yana lasar gishirin da ake ajiye wa tumaki. Ta tsaya tana kallo, sannan ta tambaye shi ko shi ma a sa shi cikin tumakin da za a aske wa ulu bana. A shekarar nan ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa, fatarsa kuma ta yi duhu har cikin layukan tafin hannu da dasashi. 'Yan coci suna ta zolayarsa wai ya bar wa Glenys aiki yana zuwa shan rana bakin teku. Duk wanda ya tambaye shi jiki, amsar ɗaya ce: ba laifi.

Mutanen nan haka muke. Namiji zai faɗo daga kan tarakta ya karya haƙarƙari, ka tambaye shi, ya ce ba laifi. Mahaifin Merv ma da ita a bakinsa ya cika.

Likitar da ta duba shi a birnin Port Lincoln ta ce akwai wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, nasa sun daina aiki, kuma ba za su tashi ba. Ta ba shi ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya, haidirokotizon, ita ce za ta tsaya a madadin sinadarin da ke riƙe mutum a tsaye: mai yawa da sassafe, lokacin da lafiyayyen jiki ke sakin nasa, ƙasa da haka da rana. Ɗayar kuma tana hana gishiri zubewa daga jiki. Merv ya raɗa musu suna Babba da Mai Gishiri. Cikin 'yan makonni ya dawo mutum.

Amma likitar ta ja Glenys gefe. Ta ce jikin mai lafiya in ya gamu da zazzaɓi ko rauni, da kansa yake ƙara sinadarin. Jikin Merv bai san ƙari ba, sai an ƙara masa. Ranar zazzaɓi a ninka Babba. In amai ne, ƙwaya ba za ta zauna ba, sai allura a cinya, a kira motar asibiti. Glenys ta ce to me zai hana ta riƙa ninkawa kullum kowa ya huta. Likitar ta ce yawanta na kumbura fuska, yana cinye ƙashi. Zama a gona mai nisa haka zai yiwu, amma sai in maigidan zai buɗe baki ya faɗi ranar da jikinsa ya ƙi.

Glenys ta yi wa dubban tumaki allura a rayuwarta, amma wannan sai da ta koya a jikin lemo. Merv yana bare lemon yana sha, yana cewa ga maras lafiya ya warke.

Shekaru suka shuɗe lafiya. Merv ya soma sabon shinge daga rumfar aski zuwa bakin tafkin, don tumaki su daina nutsewa a taɓon da ke ƙarƙashin gishirin. A hankali yake yi, tsakanin shuka da girbi.

Sai wani lokacin aski ya zo da zafi. Abokinsa Col Pfitzner, wanda ke yi musu aski duk shekara, ya ga Merv ya zagaya bayan rumfa sau da yawa yana dawowa yana share baki.

"Kai tsoho, me ka ci haka? Ko girkin Glenys ne ya fara kama ka?"

Merv ya ce ba laifi. Bai jima ba ya zube a cikin ulu, idanunsa a buɗe, bai san kowa ba. Glenys ba ta tsaya cire masa wando ba, ta bisa yadin ta soka allurar. Ya rayu. Amma Raelene ta zo daga birni ta ce an gama. Aka ba maƙwabci hayar gonar, aka kama musu ɗan gida a Port Lincoln, inda ake hango rufin asibiti ta tagar kicin.

Bai yi gardama ba. Yakan zauna a baranda, bayansa ga teku, fuskarsa arewa. In iska ta juyo daga can sai ya ce an yi ruwa a Wudinna, ko ba a yi ba. Col na kawo masa gishirin tafki a gwangwanin shayi, yana cewa shi bai taɓa ganin wanda ke zaune bakin teku ana yi masa safarar gishiri ba. Kowane zuwa Merv zai tambayi shingen. Col ya ce yana nan inda ka bar shi, ba ya tafiya.

Glenys ma tana kewar gonar, ko da yake ba ta faɗa. Wata rana da ya sake ɗauko zancen shingen, ta ajiye kofinta.

"Ji nan, Mervyn. Ranar da ka ce mini da bakinka ba ka da lafiya, ban tambaye ka ba, zan mayar da kai gida. Raelene ka bar ni da ita."

Ya yi dariya ya ce wannan ai da sauƙi. Mura ta zo ta wuce, ciwon haƙori ya zo ya wuce. Ita ke gane shi ta yadda yake riƙe cokali, ta ninka ƙwayar, ta jira. Ta tambaye shi, ya ce ba laifi, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Sai a wani watan Yuli, tsakiyar sanyin ƙasar nan, gashinsa duk ya yi fari, ya shigo kicin da safe yana tari ya dafa kujera. Ya daɗe a tsaye kamar mai neman wani abu da ya ajiye.

"Glen," ya ce, "yau ba ni da lafiya."

Ta miƙa masa Babba ninki biyu da ruwa. Ya haɗiye, ya dube ta ta gefen ido.

"Kin dai ji ko? Kada ki ce ba ki ji ba."

"Na ji, tsoho. Bari ƙirjin ya saki, mu tafi."

A wannan karon an yi komai a kan lokaci. Amma ciwon huhu ne, kuma shekarun sun taru. Bai tashi ba. Glenys ta riga ta fito da takalman aikinsa ta shafa musu mai.

Ta kai shi gida, kamar yadda ta ce, maƙabartar cocinsu da ke kan hanyar gonar. Bayan an watse ta sa Col ya bi da ita ta bakin tafki. Turakun shingen suna tsaye a jere har inda ƙasa ta fara fari, daga nan sai ramuka da iska ta kusa cikewa. Naɗin wayar na rataye a kan turken ƙarshe, bakinta a lanƙwashe sau ɗaya, yadda mutum ke yi in zai je shan shayi ya dawo.