Labarin da Kaka ba ta ƙarasawa

Jiya a cunkoson Mararaba ƙanshin soyayyar gyaɗa ya shigo mota, sai na tuna da kakata.

Ba ta ƙarasa labari. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidanmu na Karu, tana ba ni labari, sai ta tsaya a tsakiyarsa ta ce, "To, me zai faru? Kuma don me?" In na ce ban sani ba, sai ta turo mini ƙwarya: "Ɓare, kina tunani."

Shekarar da gwamnati ta ƙaura daga Legas, 'ya'yan ma'aikata masu jin Turanci suka cika ajinmu, aka mayar da ni bencin baya. Wata rana malam ya karanta labarin wani manomi, ya tambayi dalilin da ya sa manomin ya ƙi sayar da irinsa. Na miƙe, da guntun Turancina na jero dalilai uku. Malam ya sa aka tafa mini, ya dawo da ni gaba.

Da na koma gida na faɗa mata, Kaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sannan ta ce, "Na huɗun fa?"

Ke da kika raine ni da tambaya, Allah ya sauƙaƙa miki ta kabari.