Likkafanin Wali yana gidanmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin bas zan shiga Khartum labari ya iske ni: Wali ya rasu. Sauka na yi na juyo unguwarmu, Umbadda.

Ku kun san shi gwamnan jiha, wato wali da Larabcin Sudan, daga baya minista. A wurinmu kuwa ɗalibin Babanmu ne. A Jazira ya yi karatun allo wurin Baba, lokacin iyayenmu suna aikin gonar auduga, a nan ya tsinci Hausarsa. Har ya zama minista ba mu daina ce masa Wali ba, shi ma bai taɓa gyara mana ba.

Yakan baro direba a bakin titi ya tako cikin unguwa, wai kada yara su ga mota su tashi daga karatu. Sai ya zauna a tabarma ya ce wa Inna, "Hajja, ina shayina? Ko an sauke ni daga mulki a gidan nan?"

Zuwansa na ƙarshe ya rame sosai. Ya ce in raka shi kabarin Baba. Da muka gama addu'a ya nuna gefen kabarin ya ce, "Ya waladi, ɗana, nan nake so. Khalas, na gaji da protocol." Ya miƙa mini ƙunshi: likkafaninsa ne, wanda ya wanke da Zamzam a hajjinsa. Na ce ya faɗa wa iyalinsa mana. Ya yi dariya ya ce zai faɗa.

Ban sani ba ko ya faɗa.

Yanzu ga shi ina ji ana cewa za a ɗauke shi a jirgi zuwa jihar da ya mulka, a yi jana'izar gwamnati. Na kira babban ɗansa, waya ba ta shiga. Wallahi tsoro nake ji a binne shi ban isar da amanar nan ba. Ba rigima nake nema ba, iyalinsa ke da hukunci. So nake kawai su ji kafin jirgi ya tashi.

Wanda ke kusa da gidan Wali, don Allah ya nuna musu post ɗin nan.

Allah ya jiƙan Wali, ya haskaka kabarinsa duk inda aka haƙa shi. Ku sa shi a addu'a, ku roƙa mini in same su a kan lokaci. Na ɗauko likkafanin daga gida, ga shi nan a hannuna, ina bakin titi ina neman taksi zuwa wurinsu.