Kati Shida, Mutum Bakwai

Sau ɗaya tak a rayuwata na tsaya tsakanin wata al'umma da mulkin kama-karya, kuma Allah ya ba ni nasara. Tarihi bai rubuta ba, domin al'ummar mutum bakwai ce, na takwas yana kishingiɗe da ɗaurarriyar gwiwa. Fagen dagar kuwa wani falo ne a unguwar Al-Sih da ke Madina, bayan sallar la'asar, ana saura mako biyu a ga watan Ramadan.

Wanda bai taɓa yin azumi a Madina ba, sai na bayyana masa sufura. Kafin magariba ana shimfiɗa doguwar leda tsakanin sahu a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a jera dabino da gurasa da kindirmo, duk wanda ya zo wucewa a kama hannunsa a zaunar da shi. Da an buɗa baki sai a naɗe komai kafin a ta da salla. Kowace sufura da gidan da ke riƙe da ita. Tamu ta wani dattijo ce da muke kira Ammu, ɗan ƙasa, jikan mahajjatan da suka zo a ƙafa suka zauna. Gadonta ya yi. Mutane na ce mata sufurar Hausawa, mu masu yi mata hidima kuma mu bakwai ne.

A nan Turanci nake koyarwa, amma kafin abinci ya kawo ni Madina malamin tarihi ne ni a wata sakandare a Zariya. Na yi shekaru ina koya wa yara yadda aka mulki Jamus, yaran da galibinsu ba su taɓa zuwa Kaduna ba. Saboda haka tun shekarar da na shiga hidimar na gane tsarin mulkin Ammu, irin na Jamus ne zamanin sarakunanta. A can akwai majalisa, maza suna zaɓe, wakilai su yi ta muhawara har murya ta dushe, amma shugaban gwamnati sarki ne ke naɗa shi, shi ke tuɓe shi, sojoji kuwa ba su san wata majalisa ba. Haka Ammu. Kowane Sha'aban zai tara mu ya ce shawara, ya saurari kowa kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Tayyib. Kamar bara za a yi." Mu sha shayi mu watse.

Jamusawa yaƙi ne ya ci sarkinsu, ya tsere ya bar musu jamhuriya. Mu namu gwiwa ce. A waccan shekarar aka yi masa aiki, ya ce mu shirya da kanmu, shi zai zauna ya ji. Zama biyu muka yi a kan irin dabinon da za a kawo, ba mu cim ma komai ba. Ana cikin haka labari ya zo cewa katin izinin masu hidima, wanda sai da shi ake shiga da kaya, shida za a ba sufurarmu a wannan shekarar. Dole mutum ɗaya ya sauka.

A cikinmu akwai Injiniya, Bakano, yana aiki a matatar mai a Yanbu. Duk shekara yakan tara hutunsa don Ramadan, kuma motarsa ce ke ɗauko kaya. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya, ba ya iya ganin abu a warwatse bai ja masa layi ba. Akwai kuma Baba mai gahawa, wanda ya riga kowa a hidimar. A Sudan aka haife shi, a ɗaya daga cikin garuruwan da mahajjata suka yada zango suka manta da tashi. Uwarsa Bahaushiya ce, ubansa mutumin Cadi ne wanda shi kansa Baba bai ji yarensa ba. Matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a unguwar Ƙurban. Wata goma sha ɗaya ba mai nemansa. A Ramadan kuwa likitoci da malaman jami'a sai su miƙo kofi su jira ya ga dama. Hannunsa ya fara rawa, kowa ya gani, ba wanda ya ce ya gani.

Ranar zama na uku Injiniya ya zo da takardu a jaka, ya raba mana kowa ɗaya. Fam ne, an buga shi tsaf. Suna, lambar waya, lambar iƙama wato takardar izinin zama, shekarun hidima, garin haihuwa. Ƙasan wannan kuma layi biyu: asalin uba, asalin kaka.

"Ya jama'a, abin mai sauƙi ne," in ji shi. "Sufurar Hausawa ake cewa. In kati bai isa ba, sai a fara da wanda uba da kaka duk Hausawa ne. Ba son kai, ba kallon fuska. Takarda ce za ta yanke."

Baba bai iya karatun boko ba. Ya juya takardar a hannunsa, ya ajiye ta a kan gwiwa, ya ci gaba da zuba wa mutane shayi. Amma ya ji, domin kofin Dakta, ɗaya daga cikinmu da ke kusa da shi, sai da ya malala.

Na ce, "Injiniya, ina neman minti biyar."

Dakta, likitan yara ne daga Katsina, ya dubi agogo ya ce, "Bazazzagi ya nemi minti biyar. A turo wa iyalina saƙo su ci abinci."

Na miƙe tsaye, abin da ba a taɓa yi ba a falon. Na ce musu Jamus ba ƙasar jahilai ba ce. Zamanin sarakunanta ta fi kowa jami'o'i da jiragen ƙasa masu zuwa a kan lokaci, kuma mutanenta sun tashi da girmama kaki da hatimi, har in mai hula ya ce a tsaya, a tsaya tukuna sannan a tambaya. Da sarauta ta faɗi, jamhuriya ta zo da gardama da yunwa, sai suka gaji. Wanda ya zo ya ce zai kawo tsari, ba ta taga ya shigo ba, naɗa shi aka yi, majalisa kuma ta miƙa masa ikonta da hannunta.

"To ku ji abin da ba a cika faɗa ba," na ce. "Kafin sansanonin kisa, da ƙananan abubuwa aka fara. Ƙungiyar mawaƙan unguwa, ƙungiyar 'yan ƙwallo, har ta masu kiwon zomo, kowace aka ce ta daidaita da sabon tsari, ta tsabtace rajistarta. Mutum ya yi shekara ashirin yana rera waƙa da maƙwabtansa, sai sakatare, abokinsa, ya miƙo masa takarda. Ba ta tambayi muryarsa ba. Kakansa ta tambaya."

Wani daga cikinmu ya ce a hankali, "Ai wannan Yahudawa aka yi wa."

"Su aka fi yi wa, kuma miliyoyinsu aka kashe, har da jarirai. Aka haɗa da naƙasassu da masu yawo marasa gari. 'Ya'yan baƙar fata da aka haifa a can kuwa, aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. Da ni da kai muna can, akwai layin da zai tambaye mu."

Injiniya ya ajiye bironsa. Fuskarsa ta canza, kuma ban ga laifinsa ba.

"Malam, tsakaninka da Allah, ni kake haɗawa da wancan mutumin? A kan katin raba dabino?"

"Ko kusa. Kai sakataren masu kiwon zomo ne."

Dakta ya yi dariya har ya ƙware. Injiniya ya ce Zagezagi ba su taɓa iya magana ba sai sun bi ta Turai, na ce Bakano kuwa ko aljanna ya shiga zai nemi a ba shi rajistar baƙi. Da wannan falon ya ɗan huce. Sai na rage murya na ce masa na san ba ƙin Baba yake yi ba. Tsoro yake ji kada buta ta kuɓuce ta ƙona wani baƙo, kuma yana jin nauyin faɗa. Na ce to a faɗa, a nemi wanda zai riƙe masa butar. Amma kada a ɓuya a bayan kakan mutum, wanda ya mutu bai san za a tambaye shi ba.

A nan Baba ya yi magana, karo na farko. "Ya waladi," ya ce wa Injiniya, "hannun ne ke rawa, ba gahawar ba. Shekara nawa, wa na ƙona?"

Na nemi a kaɗa ƙuri'a a kan layukan biyu, domin ina son jamhuriya ta ceci kanta da kanta. Uku suka ce a cire, uku suka ce a bari tunda an riga an buga. Baba ya ƙi ɗaga hannu, ya ce ba ya zaɓe a kan kansa. Sai Ammu, wanda muka ɗauka barci yake yi, ya gyara matashin da ke ƙarƙashin gwiwarsa.

"Ya muhandis," ya ce wa Injiniya, "goge wannan. Kakana da ya fara shimfiɗa ledar nan, da za ka tambaye shi kakansa, wallahi bai sani ba. Khalas."

Injiniya ya ɗauki biro, ya bi takardu bakwai ɗaya bayan ɗaya yana jan layi a kan layukan, da ƙarfen awo, don kada ya karkace. Na lura cewa a ƙarshe sarki ne ya ceci jamhuriya, abin da bai faru a Jamus ba, amma ban ga amfanin faɗa ba.

Saura tambaya ɗaya: da me za a auna? Duk suka dubo ni. Ban taɓa samun aji mai natsuwa haka ba, ko a Zariya. Na ce ƙasa mai adalci da aiki take auna ɗan ƙasa, ba da jini ba, saboda haka a bi shekarun hidima, wanda ya fi daɗewa ya fi cancanta. Kowa ya amince, har Injiniya ya ce wannan ya fi sauƙin lissafawa. Muka cike takardu, Dakta ya cike wa Baba tasa, Injiniya ya tattara ya ce gobe zai turo jerin sunaye.

A matakala Baba ya riƙe hannuna yana sauka a hankali. Ya ce, "Ustaz, ban gane duk abin da ka ce ba. Amma mutanen nan masu zomo, daga baya sun mayar da abokinsu?"

Na ce yawanci ba su same shi ba.

Da muka kai ƙasa ya yi mini addu'a mai tsawo, rabi Hausa rabi Larabcin Sudan, ya haɗa da iyayena da malaman da suka koya mini. Na yi shekaru ina koyar da wannan darasi don a ci jarrabawa, yara su rubuta su manta. Ranar ce kaɗai na ga ya yi aikin da aka rubuta shi dominsa. Na koma gida na ba maiɗakina labari tun daga zamanin sarakuna, ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Har yau in na tuna ranar sai in ji na ƙara tsawo, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. Baba ya zuba gahawa a wannan Ramadan, da na bayansa, Injiniya na tsaye kusa da shi yana tallafe da gindin butar.

Jerin sunayen ya zo washegari da hantsi, a tsare, daga mai yawan shekaru zuwa mai kaɗan. Baba ne na ɗaya. Injiniya ne na shida, da shekara tara. Ni tawa takwas ce.