Wuƙar da Ba Ta da Tsini

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi sanye da kakin ƴan sanda, ba zan manta da wata ranar kasuwa a Birnin Konni ba, ranar da na durƙusa a tsakiyar kwalta da ƴar wuƙa a hannuna, wata baiwar Allah tana neman numfashi a gabana ta rasa. A lokacin ban daɗe da fitowa daga lakwal, wato makarantar ƴan sanda, ba. Takalmina ma bai gama sabawa da ƙafata ba.

Konni aka fara turo ni, aka ba ni aikin tsaida motoci a mahaɗar da hanyar kan iyaka ta haɗu da babbar hanya. Abin da hukuma ta ba mu sananne ne: kaki, hula, usur, ankwa da kulki. Sauran ƙananan kayan da mutum ke son ratayawa a ɗamararsa kuwa, shi zai nemo abinsa, sai dai dole shef ɗinmu, wato shugabanmu, ya gani ya yarda. Mu sabbin da muka zo tare, ni kaɗai ce mace, kuma maza ba su da hira a makonnin farko sai ta wuƙa. Akwai wani dogon abokin aikina ɗan Malbaza, mutum mai barkwanci, wanda ya sayo wata doguwar wuƙa mai kube ja, tsininta kamar allura. Duk wanda ya shigo komisariya, ofishinmu na ƴan sanda, sai ya zare ya nuna masa. Ni kuma kullum sai ya tsokane ni ya ce, "Ke hwa? Ko tsinken tsifar kai za ki rataya?"

Dariya kawai nake yi in ce masa ina nan ina dubawa. Kuma da gaske dubawar nake yi. Na ce wa kaina ba zan sayi komai ba sai na ga irin abin da ke samun mutane a wurin da aka tsaida ni. To na tsaya na gani. Ban ga ɗan fashi ko ɗaya ba. Abin da na yi ta gani shi ne igiya. Igiyar amalanke ta sarƙe ƙafar jaki ya faɗi, igiyar tamfol ɗin babbar mota ta kwance tana jan ƙasa, akuyar da aka ɗaure a bayan babur ta zame tana reto da wuya. Sai kuma mata masu dogayen hijabai a bayan baburan kabu-kabu, jelar hijabin tana kaɗawa daf da taya. A wuni sai in busa usur sau da yawa don kawai in ce wa mace, "Hajiya, tattara hijabinki." Na gane cewa matsalar mahaɗata ba ta suka ba ce, ta abin da ke naɗewa ce.

Nan na tuna da gida. A Bazaga aka haife ni, cikin awaki na girma. Babanmu yana da wata tsohuwar wuƙa da bakinta ya karye, ya ƙi yarda a jefar. Duk ranar da akuya ta shaƙe kanta da igiyar turke, ita yake ɗaukowa, ya zura ta tsakanin igiyar da wuyan dabbar, ya juya kaifin waje ya yanke. Ko ƙwarzane akuyar ba ta samu. Da wannan tunanin na tafi wurin wani dattijon maƙeri a bayan kasuwa, na ce ya ƙera mini gajerar wuƙa, tsawonta kar ya wuce tafin hannuna, mai kaifi gefe ɗaya, bakinta kuma a dakushe shi ya zama kamar bakin cokali.

Ya ajiye guduma ya dube ni. "Ɗiyata, tun da nike ƙira ban ga wanda yac ce a kashe mai tsinin wuƙa ba. Ke da kike aikin hukuma, in ɓarawo ya taso miki hwa?"

Na ce, "Baba, ɓarawo akwai kulki, akwai abokan aiki. Wagga ba ta faɗa ba ce. Kaifin nike so, kamar na aska, tsinin ne ban so."

Ya girgiza kai, amma ya yi mini yadda na ce, kuma ya yi da kyau. Na sa baduku ya ɗinka mata ƙaramin kube baƙi, na maƙala shi a gaban ɗamarata ta ciki, inda hannuna na dama da na hagu duk za su kai, wani kuma ba zai hango ba balle ya fizge a cikin turmutsitsi. Na ƙara da safar hannu ta roba, bandeji, ƴar tocila da gorar ruwa. Da na kai wa shef ɗinmu, ya juya wuƙar a hannunsa ya ce, "Wagga ai ba ta kashe kowa." Na ce, "Don haka niz zaɓe ta, shef." Ya yi murmushi ya miƙo mini. Abokin aikina ɗan Malbaza kuwa har da riƙe ciki don dariya. Ban damu ba ko kaɗan. Duk yamma in na koma gida sai in samu tsofaffin igiyoyi da tsummokara in ɗaure a jikin icen da ke tsakar gidanmu, in yi ta koyon zura wuƙar da yankewa, yau da hannun dama, gobe da na hagu, har hannuna ya haddace.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar zafi, hantsi ya dubi ludayi, mahaɗar ta cika maƙil. Ni da ɗan Malbaza muke aiki. Na juya baya ina tsaida wata amalanke, sai na ji ƙarar babur ta canja, kamar an shaƙe shi, sannan na ji faɗuwa da ihun mutane. Da na waiwaya na ga babur kwance a kan kwalta, tayar baya tana ɗan juyawa, kwanon fura ya kife furar tana malala. Wata mata da za ta yi sa'ar innata tana kwance rigingine, kanta manne da tayar. Hijabinta ne ya shiga cikin wayoyin taya, tayar ta naɗe shi, ta fizgo ta baya ta wuya. A bayansu kuma ga wata babbar mota shaƙe da siminti tana tahowa.

Abokin aikina bai jira kowa ba. Ya faɗa gaban motar nan da gudu, hannu sama, yana busa usur kamar zai fasa shi. Na ji ƙarar birki a bayana, amma ban waiwaya ba. Na riga na isa wurin matar.

Wanda ya ɗauko ta wani saurayi ne, daga baya na ji ɗanta ne. Gwiwarsa na jini, bai ma sani ba. Ya kama hijabin da hannu biyu yana ja da iya ƙarfinsa yana kiran "Inna! Inna!" Kuma duk jan da ya yi, ƙara shaƙe ta yake yi. Na daka masa tsawa na ce, "Saki! Riƙe tayar nan kar ta motsa!" Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. Na sake cewa, "Kana son innarka? To riƙe taya!" Sai ya saki ya riƙe.

Fuskarta ta riga ta canja launi, idanunta sun firfito, bakinta a buɗe amma ba abin da ke shiga. Yadin hijabin irin mai santsin nan ne, ya murɗe ya zama kamar igiya, ya nutse cikin naman wuyanta. Na nemi inda zan yanke tsakanin wuyan da tayar, babu ko wurin sa yatsa. A daidai lokacin abokin aikina ya iso da doguwar wuƙarsa a zare. Ya duba ta nan, ya duba ta can, ya ga duk inda ya sa tsinin nan jijiyar wuya zai samu. Ba zan manta da abin da ya yi ba: bai tsaya gardama da kowa ba, ya mayar da ita kube, ya sa kafaɗa ya ɗaga babur ɗin kaɗan don nauyin ya ragu, ya ce da ni, "Bisimilla, yi naki."

Na yi bisimilla. Na lalubo ƙasan kunnenta, inda ƙashin muƙamuƙi ya bar ɗan gurbi, na kwantar da wuƙar a kan fatarta na tura a hankali. Ta ƙi shiga. Na danna naman wuyan da babban yatsana na sake turawa, sai bakin nan mai kama da cokali ya zame ya shige ƙarƙashin yadin. Na juya kaifin waje na ja. Zare kaɗan ne suka tsinke. Na ji wani a cikin taron yana cewa ta riga ta cika. Ban ɗaga kai ba, don hannuna ya san abin da yake yi. Na sake ja, na sake, ina gogawa kamar mai yankan igiyar rijiya, sai na ji yadin ya yi ɓarat ya rabu biyu.

Kanta ya sauka a kan cinyata. Na riƙe shi da hannu biyu don kar wuyan ya lanƙwashe. Ba numfashi. Ɗanta ya fara salati da ƙarfi. Can sai ƙirjinta ya ɗaga, ta ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙarfe a ƙasa, ta sarƙe da tari. Duk wurin ya ɗauki kabbara.

Sai a sannan na lura da halin da take ciki. Hijabi ya tafi, ɗankwali ya tafi, rigarta ta yage daga kafaɗa, ga maza sun kewaye mu ta ko'ina. Na ga tana ƙoƙarin ɗaga hannu, ba wuyanta take nema ba, kanta take son rufewa. Na laluba ɗamarata: ga bandeji, ga tocila, ga ruwa, amma babu abin da zan rufa mata. Kafin in buɗe baki, wata mai sayar da tumatir a bakin hanya ta ratso mutane, ta kwance mayafin da ta yi ɗamara da shi ta lulluɓe ta, sannan ta juya ta ce wa mazan, "Ku ja baya mana! Ba ku da uwaye?" Suka dare. Muka samu mota aka kai ta asibiti, ni ina riƙe da kanta har muka isa.

Bayan wasu makonni sai ga ta a komisariya tare da ɗanta, muryarta a dishe, ga baƙin tabo zagaye da wuyanta. Ashe daga Tajaye suka taso ranar, za ta duba ɗiyarta da ta haihu. Ta kama hannuna ta daɗe tana sa mini albarka, har na ji kunya a gaban abokan aiki. Sannan ta ce, "Ɗiyata, an ce ke kinka yanke hijabin. Ni ban san sadda anka yi ba, Allah shi saka miki. Abin da nit tuna, na buɗe ido na ga maza tsaye kaina, sai nij ji an ruhe ni. Don Allah kai ni wurin wadda tar ruhe ni." Na nemi izini na raka ta har bakin hanya. Suka rungume juna a gaban tiren tumatir suna kuka, kamar ƴan uwan da suka daɗe ba su haɗu ba, ni kuma ina tsaye gefe da kakina ina share ido.

A yammacin ranar na shiga kasuwa na sayi mayafi mara nauyi, na ninke shi ƙanana na sa a aljihun wandona. Tun daga lokacin ban sake fita aiki babu shi ba, kuma na rufa wa mutane da yawa, mata da maza, masu rai da waɗanda Allah ya karɓi abinsa a kan hanya.

Yanzu ni ce sabbin ƴan sanda ke zuwa tambaya me ya kamata su rataya a ɗamara. Ba na ce musu ga kaza ga kaza. Ina ce musu su je su tsaya inda aka ajiye su, su buɗe ido su ga abin da ke samun mutanen wurin, sannan su tafi kasuwa. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: kayan ɗan sanda ba don a ji tsoronsa ba ne, don mutumin da zai faɗi a gabansa ne. Kuma wanda ya faɗi ba ransa kaɗai yake so a ceto masa ba, har da mutuncinsa.