Ɓawon Albasa a Cikin Fanka

Likita ne ya ce muryar Baba raguwa za ta yi ta yi, ba za ta dawo ba. Shi ya sa na ɗaure kwamfutata a bayan babur daga Bodinga zuwa Shagari, na ce sai na naɗi karatunsa kafin ta tafi. Baba malamin allo ne. Magidantan unguwarmu da yawa a gabansa suka yi sauka, amma babu wanda ya taɓa ajiye muryarsa.

Kwamfutar ta tebur ce, ta hannu na saye ta don haɗa bidiyon biki. A cikinta akwai katin da ke sarrafa hoto, mai 'yar fankarsa ta kansa. A shago ban taɓa kula da ita ba, hayaniyar titi ta rufe ta. Amma da na kunna ta a zauren Baba, inda ba ka jin komai sai kukan kurciya, sai ta hau gurnani kamar injin markaɗe. Baba ya yi bisimilla, ya fara ja, ya tsaya.

"Wanga abu naka niƙa shika yi ko mi?" ya ce. "Ni ba ni ɗaga murya bisa ta inji. In ya yi shiru ka kira ni."

Haka yake tun muna yara. Ko jaki ya yi kuka a waje, jira yake ya gama kafin ya ci gaba da aya.

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da wannan abar da ba ta kai tafin hannuna ba. Na lulluɓe kwamfutar da bargo, zafi ya taru, fankar ta ƙara haukacewa. Na so in fitar da ita tsakar gida, wayar makirufo ta ƙi kaiwa. Na rage wa fankar gudu ta cikin manhaja, kwamfutar ta yi zafi ta mutu a tsakiyar sura. Kullum da hantsi Baba zai zauna a kan buzunsa ya jira, ya ji ƙara, ya tashi. Kullum kuma sallamarsa tana ƙara dusashewa. Tsoro ya kama ni sosai, amma na ce ba ni komawa Bodinga hannu wofi.

Sai na kwance kwamfutar. Na ari faifan Inna na zuba ƙusoshin a kai, na zaro katin, na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Tsakanin fukafukan fankar ɓawon albasa ne busasshe, ya dunƙule ya cushe ko'ina. Maƙwabcin shagona albasa yake sayarwa, duk rani a ƙofata yake gyaran ta, ita kuwa fankar, baiwar Allah, tana zuƙa. Na zauna da tsinken tsintsiya ina tsincewa har wuyana ya ƙage. Da na juya fankar da yatsa na ji tana cijewa, sai na ɓare 'yar takardar da ke bayanta, na roƙi Inna man keken ɗinkinta.

"Ɗigo guda dai," ta ce, "ba miya kaka yi ba."

Na mayar da komai, na bar murfin gefe a buɗe, na ajiye ta kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi. Sannan na kira Baba. Ya zauna, ya dube ni.

"To kunna ta mana."

"Tun ɗazu take kunne, Baba."

Ya gyara zama, ya yi bisimilla.

Ba mu kai ƙarshen Alƙur'ani ba, muryar ta riga mu. Yanzu in zai yi magana sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Da na koma shago na zauna tace abin da muka samu, sai na ji tsakanin aya da aya babu ƙarar komai, sai numfashinsa, yana jawo shi da ƙyar. A aikina irin wannan yankewa ake yi. Ban yanke ko ɗaya ba.